An sallame shi daga asibiti, sai mu ma muka sallame shi



Akwai abin da muka iya ƙwarai a wannan yanki namu, daga Gwarzo da Getso har Kabo da Garo. Idan aka ce wani namu zai shiga aikin zuciya, ba ma jira a roƙe mu. A sayar da akuya, a fitar da buhun masara tun farashi bai tashi ba, 'yan'uwa da ke Kano da Kaduna da Abuja su turo nasu ta waya. A kai shi inda za a yi aikin, ko cikin ƙasar nan ko Indiya. Ya dawo da dogon tabo a tsakiyar ƙirji, a taru a yi godiya, a ci shinkafa. Bayan mako uku gidan ya yi tsit, kowa ya koma gonarsa da shagonsa, a ransa an gama.

Ba a gama ba. A ganina daga ranar ce ma ya fi bukatarmu, sai dai irin taimakon da yake bukata yanzu ba shi da armashi. Babu hoto, babu sanarwa. Kuɗin mota ne da kuɗin gwaji wata bayan wata, da kuma tsare shi daga alherin mutanen da ke ƙaunarsa amma ba su san abin da ke yawo a jininsa ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin masu wannan ciwo a wajenmu galibi sa'o'inmu ne. Abin yakan faro tun ana firamare, da ciwon maƙogwaro wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa. Idan ba a magance shi ba, garkuwar jiki ta tashi yaƙi da ƙwayar, garin haka ta taɓa gaɓoɓi da zuciya. Ciwon gaɓoɓin ya wuce, amma ƙofofin cikin zuciya, waɗanda likitoci ke kira bawul kamar dai na taya, su tsuke ko su riƙa yoyo. Sai bayan shekaru a ga saurayi ba ya iya gama kunya ɗaya ba tare da haki ba, ko budurwa ƙafafunta sun kumbura. Wani babban bincike mai suna REMEDY da aka buga a 2015 ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashe 14, har da Najeriya. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, kuma kashi biyu cikin uku mata ne.

Idan bawul ya lalace har ba ya gyaruwa, sai a sa wani. Akwai wanda ake yi da naman dabba, amma yakan gaji cikin shekara goma zuwa sha biyar, a jikin matashi ma ya fi saurin gajiya. Shi ya sa ake yawan sa wa matasa wanda muke kira na ƙarfe, mai ƙara tik-tik kamar agogo idan dare ya yi shiru. Wannan yana iya kai mutum ƙarshen rayuwarsa, amma da sharaɗi: jini yana son daskarewa a jikinsa. Gudan jini ɗaya na iya maƙale bawul ɗin, ko ya tsinke ya tafi ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Saboda haka mai shi zai sha maganin tsinka jini, wato wafarin, kullum har abada.

Za ku ji wasu na cewa ai maganin ɓera ne. Gaskiya ne, da haka ya fara. A shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan sun ci wata ruɓaɓɓiyar ciyawa. Wani masani mai suna Karl Paul Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wiskonsin suka gano sinadarin da ke jawo haka. A 1948 aka fito da wafarin a matsayin gubar ɓera, a 1954 aka amince mutane su sha shi a ma'auni, har shugaban Amurka Eisenhower ya sha a 1955 bayan ciwon zuciya ya kama shi. Tarihin ya nuna abu ɗaya da ya kamata kowa a gidan mara lafiya ya riƙe: tsakanin abin da ya isa da abin da ya yi yawa tazarar kaɗan ce. Ya yi kaɗan, jini ya daskare. Ya yi yawa, jini ya zuba. Kuma ba a gane inda ake ta kallon fuska ko ta yadda jiki ke ji.

Gwajin jini ne kaɗai ke faɗa, wanda ake kira INR. Lamba ce da ke nuna jinkirin da jini ke yi kafin ya daskare. Ta mai lafiya wajen 1 ce. Ta mai bawul na ƙarfe ana so ta zauna tsakanin 2 da 3, ko 2.5 da 3.5, gwargwadon irin bawul ɗin da inda aka sa shi. Da farko ana gwaji akai-akai, wani lokaci kowane mako, idan lambar ta zauna sai a koma kusan wata-wata. A binciken nan na 2015, cikin masu shan maganin da aka auna jininsu, waɗanda lambarsu ke daidai ba su kai ɗaya cikin uku ba. Wani zai ce ai akwai sababbin magunguna da ba sa bukatar gwaji. Akwai su, amma ba na mai bawul na ƙarfe ba ne. An gwada ɗaya daga cikinsu a kan irin waɗannan marasa lafiya, aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa domin daskarewa da zubar jini duk sun ƙaru, an kuma buga sakamakon a 2013. A 2022 wani bincike mai suna INVICTUS, na mutum sama da 4,500 a ƙasashe 24 masu wannan ciwon bawul tare da bugun zuciya mara tsari, ya nuna mutuwa ta fi ƙaranci a cikin masu shan tsohon maganin. To, wafarin ne dai, da gwajinsa.

A nan ne hanya ke shigowa. Ga yawancin mutanen ƙauyukanmu, ganin likitan zuciya na nufin a tashi da asuba, a hau acaɓa zuwa bakin titi, a shiga mota ta Rimin Gado zuwa Kabuga, daga Gwarzo kusan kilomita 70, sannan a ratsa gari a Adaidaita Sahu zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya. A ɗebi jini, a jira sakamako, a ga likita, a dawo da magariba. Yinin aiki ya tafi, kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu ya tafi, a gidan da ya riga ya sayar da abin da yake da shi. Watan farko ana zuwa. Na biyu ana zuwa. Na huɗu sai damina ta faɗi, ga taki ga kuɗin makaranta, mara lafiyan kuma yana jin garau, sai a ce a bari sai an girbe. Ba taurin kai ba ne, lissafin talaka ne, kuma da shi ake rasa mutanen da aka kashe miliyoyi aka ceto.

Shi ya sa nake ganin duk ƙungiyar matasa da ta iya tara kuɗin aiki, ya kamata tun a ranar ta ware wani abu na shekara mai zuwa, ta kuma naɗa mutum ɗaya ko biyu da aikinsu shi ne sanin ranar gwaji ta gaba. Ba sai kowa ya san sirrin mara lafiya ba. Mutum ɗaya mai riƙon amana da zai buga waya ya ce, “Yaya, jibi ne fa, ga kuɗin mota,” ya fi taron mutum ɗari masu cewa Allah ya ƙara sauƙi su wuce. A saya masa ƙaramin littafi a riƙa rubuta kwanan wata da lambar da aka samu da yawan ƙwayar da likita ya ce a sha. A kula da ƙwayar kanta ma: launinta ya danganta da kamfani, har akwai inda mai ruwan hoda miligiram 5 ce, a wani tsarin kuma miligiram 1. Lambar da ke jikin kwali ake karantawa. A sha a lokaci ɗaya kullum, yawanci da yamma, waya na iya tunatarwa. Idan an manta har gari ya waye, ba a ninkawa.

Yanzu mu shiga madafi, inda aka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Wafarin yana aiki ne ta hanyar danne bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa abubuwan da ke daskarar da jini. Bitamin K kuwa a koren ganye ya fi yawa. Da iyaye suka ji haka sai su yanke hukunci: ba alayyaho, ba zogale, ba rama, ba kabeji, ba miyar kuka. Mutum ya koma tuwo da miyar ruwa, ya rame, ya tsani abinci. Likitoci ba su ce a daina cin ganye ba. Abin da suke so shi ne cin ya zama iri ɗaya mako bayan mako, domin a daidaita ƙwayar da shi. Wanda ya saba fate da alayyaho sau uku a mako ya ci gaba da haka. Matsalar tana zuwa ne idan aka yi tsalle, kuma shekararmu tsalle take yi. Da rani miya ta koma ta busasshen kaya. Ruwa na sauka, sai ga tafasa da lalo da rama da zogale ko'ina, kwaɗo safe da yamma. Jinin da aka daidaita a watan Maris ba shi ne na watan Yuli ba. Don haka farkon damina, lokacin da aka fi jin nauyin kuɗin mota, shi ne lokacin da bai kamata a tsallake gwaji ba. Haka kuma ranar da wata gwaggo ta kawo garin zogale cikin roba ta ce a riƙa shan cokali biyu a kunu don ƙarin jini, wannan ya tashi daga abinci ya zama magani, sai an tambayi likita. Giya kuwa, ko ta kwalba ko burkutu, shan ta da yawa na hargitsa lambar, ga faɗuwa da take jawowa.

Bayan madafi sai kemis. Ɗabi'armu ce idan jiki ya yi ciwo a je a ce a haɗa mini na ciwon jiki, a ba ka ƙwayoyi biyar a takarda ba suna. A cikin irin wannan haɗi da wuya a rasa diklofenak ko ibufurofen ko asfirin, waɗanda ke cin bangon ciki su kuma ƙara zubar jini. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa. Flagyl da ake sha kamar gyaɗa idan ciki ya ɓaci, da Septrin, da Ciprotab, suna ɗaga lambar, wani lokaci cikin 'yan kwanaki. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin shi kuma sauke ta yake yi ƙwarai. Zazzaɓi da gudawa da rashin cin abinci su ma suna ɗaga ta. Farasitamol a ma'auninsa shi ne aka fi yarda da shi don ciwo. Allura a ɗuwawu kuwa sai wadda likitan da ya san ana shan wafarin ya rubuta, domin jini na iya taruwa cikin tsoka. Ba laifin mai kemis ba ne idan ba a gaya masa ba, shi ya sa kati a aljihu mai cewa mutum na da bawul na ƙarfe kuma yana shan wafarin ya fi katin banki amfani. Zazzaɓin da ya ƙi sauka ga mai bawul na ƙarfe ba na kemis ba ne sam, domin ƙwayar cuta na iya zama a jikin bawul ɗin. A je asibiti kafin a fara haɗiyar kafso.

Haka wanzami. Ƙaho, tsaga, cire beli, duk abin da zai fitar da jini an rufe babinsa. Cire haƙori ma sai an shirya da likita. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da masu dubiya ke kawowa, ba na musun cewa da ƙauna ake kawo su, amma ba wanda ya san abin da za su yi idan suka haɗu da wafarin, har shi mai kawowar. Mara lafiya yaro ne, ba zai iya ce wa baffansa a'a ba. Mu ne za mu karɓa da hannu biyu, mu yi godiya, mu ajiye a inda ba za a sha ba.

Watanni ukun farko suna da nasu sha'anin. An raba ƙashin ƙirji biyu aka ɗaure da waya, kuma yana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya kama, wani har sha biyu. A wannan lokaci ana hana ɗaga abin da ya wuce kusan kilo 5. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce. Ɗan shekara ɗaya ya kusa kilo 10. Jan guga, daka, faskare, shara a duƙe, goyo, tura babur da ya ƙi tashi, duk ƙirji ke ɗaukarsu. Namiji akan ɗaga masa ƙafa. Mace kuwa, musamman matar aure a babban gida, mako uku da dawowa sai a fara kallonta, ta ji kunya ta ɗauki taɓarya. 'Yan mata na zumunta, ga aikinku a fili: ku raba kwana, wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta yi wanki, wata ta ɗauki yaron da rana. Zumunta a ƙafa take, amma wannan karon da hannu.

Sai dai kada a wuce gona da iri a mai da mutum ƙwai. Akwai gidajen da za su kwantar da shi wata shida a ɗaki, ko ƙofar gida ba ya leƙawa. Tafiya a ƙasa kullum, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, tana cikin maganinsa. Bayan ƙashi ya kama kuma likita ya yarda, da yawa suna komawa makaranta da kasuwa da ɗinki har da gona. An yi aikin ne domin ya rayu kamar kowa. Abin da ya canza shi ne lissafin rauni: ƙwallon da ake karo a cikinta, hawa bishiya, acaɓa ba hular kwano. Idan ya faɗi ya bugu a kai, ko ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti. Kuma kada ku yi mamaki idan kuka ga mai fara'a ya koma shiru, ba ya barci, ƙarar bawul na damunsa, yana jin ya zama nauyi a kan gida. Hakan na faruwa da mutane da yawa bayan wannan aiki. Ku zauna da shi ku yi hirar duniya, ba kullum hirar ciwo ba.

Akwai wata magana da ke fitowa a tsakaninmu wadda dole in taɓa. Bayan an ba da shaida an yi murna, wani mai zafin zuciya zai matso ya ce, “Tunda Allah ya warkar da kai, me kuma za ka yi da ƙwaya?” Ɗan'uwa, bawul ɗin yana nan a ƙirjinsa, kana iya jin ƙararsa idan ka kasa kunne. Godiya ba ta cire shi ba, kuma wanda ya ajiye maganin mako biyu don ya nuna bangaskiya yana iya wayar gari baki ya karkace. Mai ba da shawarar ba shi zai yi jinya ba. Haka azumin farkon shekara da na sauran lokuta: sauya ci da sha yana motsa lambar, don haka a yi magana da likita tukuna, kuma kada wani ya sa shi jin ya gaza idan aka ce ya dakata.

Ga 'yan'uwa mata abin ya fi nauyi. Jinin al'ada na iya ƙaruwa, kuma ba abin ɓoyewa ba ne, ana da yadda ake taimakawa. Wafarin na iya cutar da ɗan tayi, musamman daga mako na shida zuwa na sha biyu, lokacin da wata ma ba ta tabbatar tana da ciki ba. Ajiye maganin da kanta kuma na iya kashe ta. Saboda haka ciki ga mai bawul na ƙarfe shirya shi ake yi da likitan zuciya da na mata tun kafin a ɗauka, a haihu a babban asibiti, kuma ranar da al'ada ta yi jinkiri ranar ake gwaji. Akwai haɗari na gaske, ba na rage shi. Amma mata da yawa sun haihu da irin wannan bawul, kuma mai shan wafarin tana iya shayarwa. Hukuncin da ake yankewa a bayan ido, cewa wance ai ba ta auruwa, zalunci ne. Abin da ya wajaba shi ne saurayin ya sani tun da wuri, ya bi ta asibiti ya ji da kunnensa, iyayensa kuma su san cewa zancen “wata tara mu ga jika” ba zai yi aiki a nan ba.

Kowa a gidan, har ƙannen, ya kamata ya san abin da ba a kwana da shi: haɓo ko yanka da aka danne minti goma bai tsaya ba, fitsari ja, bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu, haki da ya dawo, ko ƙarar bawul ta dushe. Ba a fafe gora ranar tafiya. A san mai motar da za a buga wa da tsakar dare, a san rukunin jininsa, a san matasa uku ko huɗu masu irinsa da za su iya bayarwa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin asusunmu amma bai fi ƙarfin bakinmu ba. Ana da ƙaramar na'ura mai auna INR da ɗigon jini daga yatsa, kamar ta masu ciwon suga, sakamako ya fito cikin minti ɗaya ko biyu. Idan kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma yana da ita, da tsinken gwajinta da ba ya yankewa, da ma'aikaci ɗaya da zai iya buga wa likitan zuciya a Kano ya faɗa masa lambar, tafiyar yini guda za ta koma ta awa ɗaya. Tun a watan Mayu na 2018 taron ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan wannan ciwon bawul, don haka ba sabuwar bukata za mu kai ba. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa duk suna zuwa neman ƙuri'unmu, kuma maƙwabtanmu Musulmi suna da 'ya'ya masu wannan tabo a ƙirji, su ma hanyar Kabuga suke bi. Takarda ɗaya mai sa hannun matasan Gwarzo da Kabo baki ɗaya ta isa a fara da ita.